Matsi daban, ƙarfin tsokar ƙasan mara daban

Daga Agege har Idi-Araba a Legas, mata da yawa sun ɗauka in gaba ya matse, tsokar da ke tallafe da mafitsara da mahaifa tana da ƙarfi. Ba haka ba ne. Tsoka kan ɗaure, amma tari ɗaya fitsari ya zubo.

Don auna ƙarfin tsokar, likitar fisiyo, wato mai gashi da motsa jiki, takan sa safar hannu, ta zura yatsa, ta ce, "Hajiya, matse, ki ja sama." Sai ta ba da maki a ma'aunin Oxford: 0 babu motsi, 5 riƙo mai ƙarfi da ɗagawa. Akwai na'urar auna matsewa, sai dai tana ruɗuwa: mace ta yi nishi kamar na haihuwa, lamba ta hau, alhali tsokar ba ta ɗaga ba.