Waiwaye: Tallafin Abinci a Kaduna da Kuɗin Kai Shi Hannun Mabuƙata

Kafin hukumomi da ƙungiyoyi su shigo da takardun neman tallafi, ciyar da mabuƙaci a ƙasar Zazzau al'amari ne na unguwa. Akwai ciyayya tsakanin maƙwabta, akwai zakkar hatsi bayan kaka, akwai kuma kunu da ƙosai da masu hali ke aikawa masallatai lokacin buɗa-baki. Ba a buƙatar mota, domin mai bayarwa ya san ƙofar gidan mai karɓa.

Rabon abinci da kuɗin gwamnati ya yi ƙarfi ne a farkon 2016, lokacin da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta fara ciyar da ɗaliban firamare, kafin shirin Gwamnatin Tarayya ya biyo baya. Amma annobar korona ce ta fallasa inda gizo ke saƙar. A ƙarshen Maris na 2020 aka kulle jihar Kaduna, masu neman na yau da gobe a Rigasa da Tudun Wada da Kakuri suka rasa abin sawa a bakin salati. Gamayyar 'yan kasuwa ta CACOVID ta tara kuɗi masu yawa, ta sayi kayan abinci ta miƙa wa jihohi, sai dai a jihohi da dama kayan sun daɗe a rumbuna. A watan Oktoba na shekarar, bayan zanga-zangar EndSARS, jama'a suka fasa irin waɗannan rumbuna, har da na cikin garin Kaduna, abin da ya kai ga kafa dokar hana fita.

A ganina, abin da ya faru ya nuna giɓin da ke cikin yadda ake tsara tallafi. Mai bayarwa yana son a ga buhunan shinkafa jere a gaban kyamara, amma da wuya ya ware kuɗin man fetur, da hayar mota ko a-kori-kura, da ladan 'yan dako, da alawus ɗin masu tantance sunaye gida-gida. Su ne kuwa ke kai abincin ga gwauruwa da tsohon da ba zai iya turmutsutsu a sakatariyar ƙaramar hukuma ba.

Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ƙara dagula lissafin, domin kuɗin jigila ya ninka. A watan Agusta Gwamnatin Tarayya ta amince da Naira biliyan 5 ga kowace jiha, wani kaso kyauta, wani kaso bashi, tare da tirelolin shinkafa. Jihar Kaduna kuwa tana da ƙananan hukumomi 23, kuma a wancan lokaci wasu ƙauyukan Birnin Gwari da Giwa da Kajuru ba sa shiguwa sai da rakiyar jami'an tsaro, abin da ya sa na nesa, wanda ya fi yunwa, shi ne na ƙarshe a layi.

Daga 2025, bayan Amurka ta janye mafi yawan agajin da take bayarwa a ƙasashen waje, ƙananan ƙungiyoyin da ke zagayawa unguwanni da mota sun fi dogara ga attajiran gida da gudummawar watan azumi. Wannan kuɗi yakan zo da yawa cikin kwana talatin, ya ɗauke bayan sallah, alhali tsananin yunwa a karkara yakan zo ne tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba, hanyoyi kuma sun caɓe.