Kafin ka saɓa jakar goyo: abin da dokar huruj wa auda ta ce game da doguwar tafiya

Ɗan ƙanwata da ke aiki a wani kamfanin gyaran na'urar sanyaya ɗaki a nan Jidda ya same ni bayan sallar isha'i da wani littafi duk ya sha rubutu. Shekara uku yana tara riyal don ya zaga duniya da jakar goyo da kuɗi kaɗan. "Kawu, na gama lissafi," in ji shi. Ya buɗe min shafi shafi: Masar, Turkiyya, Turai, Malesiya, Indonesiya, Ruwanda, sannan gida Kano. Ya rubuta kuɗin jirgi mai araha, da masaukin da ake kwana mutum takwas a ɗaki, har da burodi da shayin safe. Wata shida cif. Na ji daɗin ganin yaro mai tsari haka. Sai na tambaye shi bizar dawowarsa ta kwana nawa ce. Ya ɗago ya dube ni, domin babu wannan a littafin.

Duk baƙon da ke zaune a Saudiyya da igama, wato katin izinin zama, ba ya fita ya dawo sai da bizar da ake kira huruj wa auda, wato fita da komowa. Hukumar fasfo ta Saudiyya, wato Jawazat, ce ke da ita, ana kuma fitar da ita ta shafin intanet na gwamnati mai suna Absher, kamfanoni kuma ta wani shafin mai suna Muqeem. Wanda ke da fasfon Saudiyya wannan magana ba ta shafe shi ba. Amma mu masu fasfon Najeriya ko Nijar ko Ghana, ranar da aka rubuta a wannan biza ita ce ke yanke tsawon tafiyarmu, ko da aljihu na da sauran nauyi.

Iri biyu ce. Akwai ta fita sau ɗaya: riyal 200 na wata biyu na farko, kowane wata da ya ƙaru riyal 100. Akwai ta fita da shiga sau da yawa: riyal 500 na wata uku, kowane ƙarin wata riyal 200. Dukansu ba sa wuce wa'adin igama. In igamarka saura wata huɗu, babu yadda za a ba ka bizar wata shida, sai an fara sabunta ta. Ga mai tafiya irin ta yaron nan, ta sau ɗaya ta wata shida za ta ci riyal 600, ɗayar kuma 1,100. Ta sau ɗayan ta fi sauƙi, amma da zarar ka shigo ƙasa an buga maka hatimi, ta mutu. Wanda ke son ya ratso ta Jidda tsakanin Asiya da Afirka ya kwana biyu da iyalinsa, to ta biyun ce tasa.

Inda mutane suka fi yin asara shi ne wajen tsawaitawa. Da yawa kan ce bari in karɓi ta wata biyu, in na ga hanya ta yi daɗi sai a ƙara min. Ana ƙarawa, amma kuɗin kowane wata yana ninkawa idan kana waje: riyal 200 ga ta sau ɗaya, 400 ga ta sau da yawa. Wata shidan da za ka biya 600 tun kana gida, sai ya tashi a 1,000. Riyal 400 ɗin nan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke ƙirga kuɗin kwana. Abin da ya fi kuɗin damuna kuwa shi ne ba kai ne za ka tsawaita ba. Kafili ne, wato wanda ya tsaya maka a igama, ko kamfani, ko mai gida idan kana ƙarƙashin igamarsa. Kana can Jakarta, wayarka na neman ɗaukewa, kana jiran wani ya tuna da kai kafin ranar ta cika.

Sai kuma yadda ake ƙirga kwanakin. Jawazat ta bayyana cewa idan an fitar da bizar da lissafin watanni, kamar kwana 60 ko 90 ko 120, kana da wata uku ka fita, kuma ƙirga tana farawa daga ranar da ka bar ƙasa. Idan kuwa an rubuta "a dawo kafin rana kaza", to tun ranar da aka fitar da ita kwanaki ke tafiya, ko kana kwance a ɗakinka a Makka. Ka buɗe takardar ka karanta da idonka, kada ka dogara da abin da ma'aikacin ofis ya faɗa maka da baki. Wanda ya karɓa ya fasa tafiya kuma bai soke ta a kan lokaci ba, tarar riyal 1,000 ce a karon farko. Tarar laifin tuƙi da ke kanka ma sai ka biya kafin bizar ta fito.

Yaron ya ce min ai yanzu ma'aikaci na iya nema da kansa. Gaskiya ne. Tun 14 ga Maris 2021 ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu ke iya nema ta Absher, a sanar da mai kamfani kawai. Sai dai wannan ta kwana 30 ce, ta isa zuwa gaida mahaifi ko ɗaurin aure, ba ta isa zaga duniya ba. Kuma wannan gyaran dokar bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba, inda 'yan uwanmu da yawa suke. Ta kowace hanya dai doguwar tafiya tana bukatar yardar wanda kake yi wa aiki.

Dokar ƙwadago ma ta nan ta ɓullo. Hutun shekara kwana 21 ne, yana zama 30 bayan shekara biyar a wuri ɗaya. Abin da ya wuce haka hutu ne ba albashi, wanda sai mai aiki ya amince. Wanda ya yi fashin fiye da kwana 15 a jere ba tare da uzuri ba, bayan an yi masa gargaɗi, doka ta ba da damar a sallame shi babu kuɗin ƙarshen aiki. Shi ya sa na ce masa amincewar manajansa ta zama a rubuce, da ranar tafiya da ranar dawowa. "Ba komai, je ka" da aka faɗa a tsaye bakin ƙofa ba ta tsayawa mutum shaida.

To idan ranar ta wuce mutum bai dawo ba fa? A da akan hana shi shigowa aiki har shekara uku, sai dai in wajen tsohon kafilinsa zai koma. An ɗage wannan hani a Janairun 2024, kuma sauƙi ne babba. Amma kada a ɗauka ƙofa ta zama a buɗe. Za a rubuta ka cikin waɗanda suka fita ba su dawo ba, igamar ta tafi, dawowa kuma sai da sabuwar biza da sabon aiki. Kayan ɗakinka, motarka, asusunka na banki, duk suna nan kai kana can.

Abu na ƙarshe da na gyara masa a littafin shi ne jerin ƙasashen. Ya sa Turai a wata na biyar. Bizar Shengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, ana neman ta ne a ƙasar da kake zaune, wato nan Riyad ko Jidda, kuma ba a karɓar takardu fiye da wata shida kafin ranar shiga. Kuɗinta yuro 90, da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, kuma sukan nemi ganin igama da huruj wa auda masu sauran rai. Igamar nan ita ce babbar hujjarsa cewa yana da inda zai koma. Don haka na ce ya nemi wannan bizar kafin ya tashi, ya kuma matso da Turai farkon tafiya. Afirka ta Yamma ta zo a ƙarshe, tunda fasfonsa na Najeriya na ba shi kwana 90 ba biza a ƙasashen ECOWAS. Katin rigakafin shawara ya kasance cikin fasfo, domin mai shigowa Saudiyya daga Najeriya ana iya tambayarsa.

Ya ɗauki biro ya buɗe sabon shafi. A sama ya rubuta ranar da igamarsa za ta ƙare, ƙarƙashinta ranar dawowa, ya ja baya da mako biyu saboda jirgi kan yi latti. Ya ce da safe zai shiga ofishin manaja da takarda a hannu.