Yadda Melbourne ke lissafin zirga-zirga kafin a yanka filaye a bayan gari

A jihar Biktoriya ta ƙasar Ostireliya, mai gona a gefen birnin Melbourne ba shi da ikon yanka ta fuloti-fuloti don kawai ya samu masu saye. Tun shekarar 2002 aka shata wa birnin iyakar da unguwanni ba za su ƙetare ba, kuma ko a cikin iyakar, ƙa'idojin da suka samo tushe daga dokar tsara gari da muhalli ta 1987 sun tanadi cewa sai an amince da taswirar tsarin unguwa, wadda ke nuna inda tituna, makarantu da kasuwanni za su zauna, kafin a soma gini.

Ba da ka ake tsayar da faɗin waɗannan tituna ba. Gwamnatin jihar tana da manhajar hasashen zirga-zirga da ake kira VITM, wadda ke raba birnin zuwa ƙananan yankuna, a zuba mata adadin mutane da ayyukan yi da ake sa ran samu nan da shekaru masu zuwa. Daga nan sai ta ƙiyasta yawan fitar da mazauna kowane yanki za su yi, da inda za su nufa, da abin da za su hau, mota ko bas ko jirgin ƙasa, sannan ta ɗora su a kan hanyoyi domin a ga inda cunkoso zai taru. Da wannan sakamakon ake keɓe filin babban titi tun yana gona, domin sayen sa bayan an cika shi da gidaje yana da tsadar gaske.

Kuɗin aikin ma doka ta yi masa tanadi. Daga 2010 ana karɓar harajin gina ababen more rayuwa a kan kowace hekta ta filayen da aka ware domin faɗaɗa birnin, sau ɗaya, lokacin da aka sayar da filin ko aka yanka shi, kuma ana ware wani kaso domin sufurin jama'a.

A ganina, raunin tsarin yana wurin lokaci. Manhajar tana yin lissafi ne bisa zaton cewa hanyoyin da aka zana za su samu, alhali amincewa da taswira ba ta tilasta wa gwamnati gina su a wata rana takamaimai, mutane kuwa ba sa jira. Ƙaramar hukumar Wyndham a yammacin birnin tana da mutum kusan 161,000 a ƙidayar 2011, amma a ta 2021 sun haura 290,000. Tashar jirgin Tarneit da aka buɗe musu a 2015 ba ta daɗe ba ta shiga sahun tashoshin da suka fi cika a layukan jiragen da ke fita wajen birnin.