Yadda Amurka Ta Tsunduma Yaƙin Duniya Na Ɗaya: Tambayoyi Da Amsoshi

Me ya sa Amurka ta yi kusan shekara uku tana kallon yaƙin daga nesa?

Abin gado ne. Tun 1796 shugabanta na farko, George Washington, ya gargaɗe ta da ta guji ƙulla ƙawance na dindindin da ƙasashen waje. A 1823 Shugaba Monroe ya ja layi: Turawa su cire hannu daga nahiyar Amurka, ita ma ba za ta sa baki a rigimarsu ba. Amma kafin 1914 ƙasar ta yi ƙarfi. Ta doke Sifaniya a 1898 ta karɓe Filifin, ta kuma buɗe mashigin ruwan Panama a watan Agustan 1914, watan da wuta ta game Turai. Ga kuma miliyoyin 'yan ƙasa masu asali daga Jamus da Ayilan, waɗanda ba sa ga-maciji da Ingila.

To, da gaske 'yar ba-ruwanmu ce?

A baki, haka ne. A kasuwa kuwa labarin daban yake, kuma a ganina nan ne gizo ke saƙa. Sojojin ruwan Ingila sun toshe hanyoyin teku zuwa Jamus, sai alkama da ƙarfe da harsasan Amurka suka riƙa kwarara gefe guda. Da kuɗin Ingila da Faransa suka fara ƙarewa, bankuna irin su J.P. Morgan suka ba su bashi. Zuwa 1917 bashin ya haura dala biliyan 2, alhali abin da aka ranta wa Jamus bai taka kara ya karya ba. Duk wanda ya zuba dukiyarsa haka a hannun mutum, ba zai so ya ga faɗuwarsa ba. Manomin alkama a Kansas da ma'aikacin masana'antar ƙarfe a Pittsburgh sun riga sun shiga yaƙin da guminsu tun kafin a aika soja ko ɗaya.

Ba nitsar da Lusitania, jirgin ruwan fasinja na Ingila, ne ya jawo shigarta ba?

Mutane da yawa haka suke zato. Jirgin yaƙin Jamus mai tafiya ƙarƙashin ruwa ya harbe shi ranar 7 ga Mayu, 1915, kusa da gaɓar Ayilan. Cikin minti 18 ya nitse, mutum kusan 1,200 suka halaka, 128 daga cikinsu Amurkawa. An yi fushi ƙwarai, amma Shugaba Woodrow Wilson wasiƙun gargaɗi kawai ya aika. Har ma ya sake cin zaɓe a 1916 da kirarin cewa shi ya hana ƙasar faɗawa yaƙi.

Me ya ƙure haƙurin, ke nan?

Abu biyu, a jere. Daga 1 ga Fabrairu, 1917, Jamus ta ce za ta nitsar da duk jirgin da ya doshi abokan gabarta, ko na wace ƙasa ne, da lissafin cewa yunwa za ta durƙusar da Ingila kafin Amurka ta shirya. Sai kuma Ingila ta kama wani saƙon tangaraho na sirri daga ministan harkokin wajen Jamus, Arthur Zimmermann, yana zuga Meksiko ta yaƙi Amurka, a taimaka mata ta ƙwato Texas da New Mexico da Arizona. Jaridu suka buga shi ranar 1 ga Maris. Ranar 6 ga Afrilu Amurka ta ayyana yaƙi a kan Jamus.

Kowa ya amince?

A'a. Sanatoci 6 da 'yan Majalisar Wakilai 50 sun ƙi, har da Jeannette Rankin, mace ta farko a majalisar.

Me ya biyo baya?

Sojoji kusan miliyan 2 suka ƙetara zuwa Faransa ƙarƙashin Janar Pershing. A gida da waje, sojojin Amurka sama da 116,000 suka mutu, fiye da rabinsu ba a fagen fama ba, galibi cuta ce ta kashe su. Aka tsagaita wuta ranar 11 ga Nuwamba, 1918. Wilson ya dage aka kafa ƙungiyar ƙasashen duniya, wadda ta riga Majalisar Ɗinkin Duniya, sai Majalisar Dattawan ƙasarsa ta ƙi amincewa Amurka ta shiga. Wannan ƙungiyar ce ta danƙa Kamaru, da aka ƙwace daga hannun Jamus, amana ga Faransa da Ingila.