A cire tsohon shafin da ke kan kwandala, ko a bar shi?

Duk wanda tsohuwar kwandala ta shigo hannunsa, ya ga wani shafi mai ƙyalli irin na banish ya yi rawaya a kanta, zuciyarsa takan ce ya wanke ta. Kafin ka ɗauko tsumma, ga amsar tambayoyin da suka fi yawa.

Wace irin kwandala ake nufi?

Irin wadda ba gwamnati ce ta buga ba, 'yan kasuwa ko kamfanoni suka buga ta a madadin kuɗi. A 1787 kamfanin haƙar jan ƙarfe na tsibirin Anglesey a Birtaniya ya buga tasa saboda ƙarancin canji, 'yan kasuwa suka bi sahu, har wani mai tara irin waɗannan kwandaloli, James Conder, ya tattara jerinsu a 1798. Haka aka yi a Amurka lokacin yaƙin basasa. Galibinsu na jan ƙarfe ne, shi kuwa ba ya jimawa iska ta sauya masa launi.

To wa ya shafa musu, kuma don me?

Masu tara su na da. Sukan shafa banish ko shelak (wani danƙo da ake samu daga ƙwari) ko kaki don iska da gumin hannu kada su taɓa ƙarfen. Ba ganganci suka yi ba, dabarar zamaninsu ke nan, kuma sau da yawa ta yi aiki. Akwai kwandalar da ta haura shekara ɗari tana da jan launinta na ranar bugu albarkacin wannan shafin.

Duhun launin ma ai datti ne, ko?

A'a, kuma nan ne mutane suka fi yin asara. Shafi abu ne da aka ɗora daga waje. Launin ƙasa-ƙasa da jan ƙarfe ke yi kuwa fatar ƙarfen ce da kanta, wadda ta samu sannu a hankali. In ka cire ta, ƙarfe ka kankare, kuma ba ta dawowa yadda take. Wasu ma tun daga masana'anta aka yi musu wannan launin da gangan, kamar yadda aka riƙa yi a da a masana'antar buga kwandala ta Matthew Boulton da ke Soho a Birmingham.

Karkata kwandalar a gaban fitila, ka duba da gilashin ƙara girma. Shafi yakan taru cikin lungun haruffa, wani lokaci ka ga sawun burushi, ko ƙura ta maƙale a ciki, ko gefe ya fara ɓarewa kamar ɓawon albasa. Fatar ƙarfe ba ta ɓarewa haka.

Yaushe ya kamata a cire?

A ganina, sai in shafin ya koma cutarwa. In yana nan lafiya, bai tsage ba, ka ƙyale shi ko da ya yi rawaya. Amma in ya tsattsage, danshi zai riƙa shiga ta tsagar. Abu biyu ne ba a jinkiri da su. Na farko, kore mai danƙo da lallausar ledar PVC ke bari a kan kwandalar da ta daɗe a ciki, domin yana cin ƙarfe. Na biyu, koren gari mai haske da ke tasowa a ƙarƙashin shafin. Wannan aikin gishirin kulorayid ne, yana haƙa rami, kuma cire shafi kaɗai ba ya tsayar da shi. Sai gwani.

Da me ake cirewa?

Da tsantsar asiton, wani ruwan sinadari da ke narkar da yawancin banish da danƙon PVC ba tare da ya kankare ƙarfe ba. Ban da ruwan goge fentin farce, ko da mai asiton ne, don akwai mai da turare a ciki. A zuba a kofin gilashi, a jiƙa kwandalar na ɗan lokaci, a ɗauraye da sabon asiton, a bar ta ta bushe da kanta. Kada a goga, ko da auduga ce. Ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta ja layi a fuskar ƙarfen. A yi aikin inda iska ke shiga, nesa da wuta, domin asiton na saurin kamawa.

Ruwan lemun tsami da man goge ƙarfe irin su Brasso, waɗannan kam kada su kusanci kwandala. In kuma ta roba ce, ko mai fenti, asiton zai lalata ta.

Za ta fito kamar sabuwa?

Ba lallai ba. Inda shafin ya ɓare tun tuni ya yi duhu, inda ya rufe yana nan da haske, sai ta fito dabbare-dabbare. Wani lokaci ma a tarar an taɓa goge ta, shafin ne ke rufa mata asiri. Sannan ƙarfen da aka buɗe yau zai fara sauya launi, don haka a tanadi mazubi marar PVC tun kafin a fara.

Darajarta fa a kasuwa?

Kamfanonin tantance kwandala irin su PCGS da NGC ba sa ba wadda aka goge cikakken maki, sai su rubuta a jikin mazubin cewa an wanke ta, farashi ya faɗi. Shafi ma yana iya hana ta maki, amma shi ana iya cire shi gobe, karce kuwa ya zauna ke nan. In kwandalar mai tsada ce ko mai wuyar samu, kai ta wurin masu aikin adana kayan tarihi. In kuma ka ƙudurta yi da hannunka, fara gwadawa da wata mai araha mai irin ƙarfenta.