Girkin Paleo da Rage Sitaci a Gidan da Ke da Bakuna da Yawa

Tambayar da ta fi yawan zuwa mana daga iyaye mata a kwanakin nan ita ce yadda za a yi da girki idan mutum ɗaya a gida ya ɗauki tsarin rage sitaci, ko kuma wani tsarin da ake kira paleo, alhali kuwa akwai yara da tsofaffi da masu aikin ƙarfi da ke ci daga tukunya ɗaya da shi. Wasu sukan ɗora girki biyu kullum har su gaji su watsar, wasu kuma su ɗora wa gidan gaba ɗaya tsarin da mutum guda ya zaɓar wa kansa. Dukansu biyun ba su da dole, na biyun ma yana da haɗari.

Ya kamata a fara da rarrabe tsarin biyu, domin ana yawan cakuɗa su. Paleo ya samu karɓuwa ne bayan wata maƙala da Boyd Eaton da Melvin Konner suka wallafa a Amurka a 1985, inda suka kawo ra'ayin cewa jikin ɗan Adam ya fi sabawa da abincin mafarauta da masu tsintar 'ya'yan itace na kafin a fara noma, kimanin shekara 10,000 da suka wuce. Mai bin sa yana cin nama, kifi, ƙwai, ganyaye da 'ya'yan itace, yana kuma barin hatsi, wake, gyaɗa, madara, sukari da kayan gwangwani. Shi kuwa rage sitaci ƙidaya ce: yawanci ana nufin ƙasa da giram 130 na kabohaidiret (wato sitaci da sukarin da ke cikin abinci) a yini, mai tsananin cikinsa da ake kira keto kuma giram 20 zuwa 50 ne kacal. Don a gane girman abin, kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa yana ɗauke da kusan giram 45, yanka ɗaya na burodi kuma kusan giram 15. Saboda haka ayaba da zuma da dankali mai zaƙi sun halatta ga ɗan paleo amma suna cike da sitaci da sukari, cuku kuma ba shi da sitacin kirki amma paleo ya hana shi.

Hanyar da muke ba da shawara a bi ita ce a girka tushen abinci guda ɗaya wanda kowa zai ci, a raba sitacin a mazubi daban. Tushen shi ne miya ko romo mai nama ko kifi ko ƙwai, da ganye mai yawa, wanda ba a kaɗa shi da gari ba kuma ba a zuba masa sukari ba. Idan ana son miyar ta yi kauri, sai a bar albasa da tumatir su daɗe a wuta har su narke, ko a markaɗa dafaffiyar kabewa a zuba. Shinkafa ko taliya ko dankali kuma a dafa su a gefe kamar yadda aka saba. Lokacin rabo, yaro ya samu shinkafarsa da miya, mai rage sitaci kuma a cika masa rabin faranti da ganye, a sa masa nama ko kifi kamar girman tafin hannunsa, a ƙara masa abin da zai maye gurbin shinkafar. Kabeji ya fi komai sauƙi a nan: a yanka shi siri-siri, a zuba a kasko mai zafi da ɗan mai da tafarnuwa, a juya na 'yan mintuna har ya yi laushi amma bai saki ruwa ba. Farin kabeji ma idan aka gurza shi aka turara yana ɗaukar miya sosai. Aikin da ya ƙaru a kan mai girki bai wuce kasko ɗaya ba.

Dalilin da ya sa muke nacewa a kan kada a cire wa yara hatsi da wake da madara shi ne jikinsu yana kan gini. Madara tana cikin manyan hanyoyin samun kalsiyum da ƙashi ke buƙata, wake da hatsin da ba a cire wa dusa ba kuma suna ba da furotin da ƙarfi da abin da ke sassauta bayan gida. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2023, ta ce a samo kabohaidiret daga cikakken hatsi, ganyaye, 'ya'yan itace da dangin wake. Shi kansa keto asalinsa magani ne: a 1921 likita Russell Wilder na asibitin Mayo ya gabatar da shi don masu farfaɗiya, har yau kuma yaran da ake ɗora wa shi suna ƙarƙashin kulawar likita ne. Mai juna biyu, mai shayarwa da mai ciwon ƙoda su ma ba su da hurumin shiga tsarin ba tare da shawarar asibiti ba. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwayoyi irin su gilibenkilamaid kuwa, idan ya yanke sitaci farat ɗaya bai gyara maganinsa ba, sugansa na iya faɗuwa har ya suma, don haka sai ya ga likitansa kafin ya taɓa farantinsa.

Ga manyan da ke neman rage ƙiba, a ganina an yi wa tsarin kirari fiye da kima. Nauyin da ake zubarwa a makon farko mafi yawansa ruwa ne, domin jiki yana adana sitaci tare da ruwa a hanta da tsoka. Wani bincike da Jami'ar Stanford ta wallafa a 2018, wanda ya bi manya 609 tsawon shekara guda, bai samu bambanci na a zo a gani ba tsakanin masu rage sitaci da masu rage maiƙo. Amfanin da babu gardama a kansa shi ne barin lemon kwalba da kayan zaƙi da biskit, kuma wannan kam kowa a gidan zai iya shiga cikinsa, har da yara.

Tsada ita ce ke karya yawancin masu farawa, domin idan aka cire hatsi aka cike gurbinsa da nama zalla, aljihun mai gida ba zai jure ba. Ƙwai, ƙananan kifi, hanta da kaza gudanta sun fi tsokar nama araha, ƙasusuwan kazar kuma a tafasa su a samu romon miyar gobe. Naman gwangwani da tsiran alade da makamantansu, ko da yake ba su da sitaci sosai, gishirinsu ya yi yawa, kuma tun 2015 hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya sarrafaffen nama cikin abubuwan da ke haddasa sankarar hanji. Gishirin babban mutum bai kamata ya kai giram 5 a yini ba, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya.

Gida mai yawa yakan so a yi girki mai yawa a ajiye, kuma abincin da nama da ƙwai suka yi masa yawa saurin lalacewa gare shi. Kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a waje. A raba babbar tukunya zuwa ƙananan mazubai marasa zurfi domin ta huce da wuri kafin a sa a firji, a cinye cikin kwana uku ko huɗu, a kuma ɗumama abin da za a ci kaɗai har sai ya tafasa ko ya yi tururi ciki da waje. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, gara a dafa na yini ɗaya kawai.