Dilip Mahalanabis

Dilip Mahalanabis (1934 zuwa 2022) likitan yara ne ɗan ƙasar Indiya, wanda ya tabbatar wa duniya cewa ruwan gishiri da sukari na iya ceton mai kwalara ko babu likita a kusa. An haife shi a Kishoreganj, da ke Bangladesh a yau, ya kuma kammala karatun likitanci a Kalkata a 1958.

Ba shi ya fara gano maganin ba. Tun a 1968 David Nalin da Richard Cash suka gwada shi a Dhaka, babban birnin Bangladesh a yau, amma a cikin asibiti, ƙarƙashin kulawar ƙwararru. Hikimar abin ita ce, ko da kwalara ta sa hanji yana zubar da ruwa, hanjin yana iya tsotse gishiri muddin akwai gulukos (wani nau'in sukari) tare da shi, ruwa kuma sai ya bi gishirin ya koma cikin jini.

A 1971, lokacin yaƙin 'yancin Bangladesh, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon, a Indiya kusa da iyakar Bangladesh. Ledojin ƙarin ruwa suka ƙare, masu iya sa allurar kuma ba su da yawa. Mahalanabis ya sa aka riƙa haɗa gram 22 na gulukos, gram 3.5 na gishiri da gram 2.5 na hodar soda ta girki (baking soda) a kowace lita ta ruwa mai tsabta. Ana dama shi cikin manyan durom, 'yan uwan majinyata su ɗiba da kofi su riƙa ba su kaɗan-kaɗan. Ƙarin ruwa ta jijiya aka tanada wa waɗanda suka galabaita har ba sa iya haɗiya. Cikin majinyata sama da 3,700, mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa 3.6.

Awo shi ne ƙashin bayan haɗin. Sukari ya yi yawa, sai ya janyo ruwa cikin hanji, gudawa ta ƙaru. Gishiri ya yi yawa, yaro na iya shiga jijjiga. Shi ya sa daga 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage gulukos zuwa gram 13.5, gishiri zuwa 2.6 a lita.

Bayan aikin Bangaon, Mahalanabis ya yi aikin yaƙi da kwalara a Afganistan, Masar da Yaman ƙarƙashin hukumar. Ya karɓi lambar yabo ta Yarima Mahidol ta ƙasar Thailand a 2006, Indiya kuma ta ba shi lambar girmamawa ta Padma Vibhushan a 2023, bayan rasuwarsa.